Ciwon ƙirjin jarirai: Me ya sa likitoci ke rage gwaje-gwaje da magunguna?

A wani babban asibitin yara da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada, likitoci sun taɓa gudanar da wani bincike da ya bai wa abokan aikinsu mamaki. Sun ɗauki jarirai 213 da aka kawo sashen gaggawa da ciwon ƙirji, suka raba su gida biyu da amincewar iyayensu. A rukuni na farko, na'urar da ke auna yawan iskar oksijin a jini tana nuna ainihin adadin da ta auna. A rukuni na biyu kuwa, an saita ta yadda za ta riƙa ƙara maki uku a kan adadin gaskiya. Likitan da ke duba yaro bai san wace irin na'ura ce a gabansa ba.

Da aka fitar da sakamakon a mujallar JAMA a shekarar 2014, sai aka ga an kwantar da kashi 41 cikin 100 na yaran rukunin farko, amma kashi 25 kacal aka kwantar a rukuni na biyu. Yaran da aka ƙara wa maki kuma ba su fi sauran komowa asibiti daga baya ba. Ke nan, cikin yaran da aka bai wa gado akwai waɗanda lambar da ke jikin na'ura ce ta kwantar da su, alhali jikinsu zai iya jure jinya a gida.

Wannan bincike ɗaya ne daga cikin da dama da suka sa manyan asibitocin Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya suka shiga aikin janye hannu daga wasu gwaje-gwaje da magunguna da aka daɗe ana yi wa jarirai masu cutar da likitoci ke kira bironkiyolaitis.

Wace irin cuta ce?

Bironkiyolaitis kumburi ne da ke kama ƙananan hanyoyin iska na can cikin huhu, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyu yake kamawa, musamman waɗanda ba su cika shekara ɗaya ba. Ƙwayar cuta nau'in bairos ce ke haddasa shi, kuma wadda ta fi yawa ita ce ake kira RSV. Kusan kowane yaro yana haɗuwa da ita kafin ya cika shekara biyu. A jikin babba galibi mura ce kawai take sa shi, amma a jikin jariri, wanda hanyoyin iskarsa sirara ne ƙwarai, ɗan kumburi da majina sun isa su toshe su.

Cutar takan fara da yoyon hanci da ɗan zazzaɓi. Bayan kwana biyu ko uku sai tari ya biyo baya, numfashi ya riƙa sauri, a ji ƙirji yana fito ko yana ƙara, yaro ya rage shan nono domin ba ya iya haɗa tsotso da numfashi. Takan fi tsanani tsakanin kwana na uku zuwa na biyar, sannan ta fara sauka da kanta. Mafi yawan yara a gida suke warkewa.

Sai dai ba cutar da za a raina ba ce. Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai RSV ta haddasa ciwon ƙirji sau miliyan 33 ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a faɗin duniya, an kwantar da miliyan 3.6 a asibiti, kimanin 101,400 kuma sun rasu. Sama da kashi 97 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki suka auku. A Amurka, inda mutuwar ba ta da yawa, an taɓa ƙiyasta cewa ana kwantar da jarirai kimanin dubu 100 a kowace shekara, kuma kuɗin jinyarsu ya kai Dala biliyan 1.7.

Abin da ke taimakon yaron da aka kwantar bai da yawa, kuma an daɗe da saninsa. Tun a 1963 wasu likitoci biyu, Reynolds da Cook, suka rubuta cewa iskar oksijin ce muhimmin abu a jinyar wannan cuta, kuma babu gamsasshiyar hujja cewa sauran magunguna suna amfani. Fiye da shekara 60 bayan nan, jigon jinyar bai sauya ba: a bai wa yaro oksijin idan na jininsa ya yi ƙasa, a tabbatar ruwa da abinci suna shiga cikinsa, a share masa hanci idan majina ta hana shi numfashi ko tsotso, a kuma sa masa ido har cutar ta wuce.

Magungunan da aka gwada

Da yake ƙirjin yaron yana fito irin na mai asma, ya zama al'ada a shaƙa masa maganin asma, wato salbutamol. Tunanin yana da ma'ana a ido, amma cututtukan biyu sun bambanta a ciki. A asma, naman da ke kewaye da hanyoyin iska ne ke tsukewa, maganin kuma ya sassauta shi. A bironkiyolaitis kuwa, hanyoyin sun kumbura ne, sun cika da majina da matattun ƙwayoyin jiki, saboda haka babu abin da maganin zai sassauta. Cibiyar Cochrane, wadda ke tattara bincike-binciken lafiya tana auna su, ta haɗa gwaje-gwaje 30 da suka ƙunshi jarirai kusan dubu biyu a 2014, ta ga maganin bai ƙara oksijin a jini ba, bai rage yawan waɗanda ake kwantarwa ba, bai kuma rage kwanakin zama a asibiti ba. Abin da yake bari shi ne bugun zuciya da sauri da karkarwar jiki.

Haka labarin yake ga magungunan rage kumburi na sitiroid. A wani gwaji da aka yi wa jarirai 600 a sassan gaggawa 20 na Amurka, wanda aka wallafa a 2007, an bai wa rabinsu maganin deksametason, sauran kuma aka ba su ruwan da babu magani a cikinsa. An kwantar da kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin, da kashi 41 na waɗanda ba su sha ba.

Su kuwa magungunan antibayotik, bakteriya suke kashewa, ba su taɓa bairos. Yaron da aka ba shi ba tare da buƙata ba yana iya samun gudawa ko ƙuraje, sannan ana ƙara koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. An ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara.

Bisa irin waɗannan hujjoji, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta sabunta ƙa'idojinta a 2014, ta ce kada a bai wa jaririn da aka tabbatar yana da wannan cuta salbutamol ko sitiroid, kada a ba shi antibayotik sai idan akwai ciwon bakteriya ko ƙwaƙƙwaran zaton sa, kada kuma a riƙa ɗaukar hoton ƙirji ko jini a matsayin al'ada. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar da makamancin haka a 2015.

Yadda gwaji ke haifar da magani

Mutane da yawa za su fahimci dalilin rage magani, amma su yi tambaya a kan gwaji. Ai hoto ba ya cutarwa, in ji su, kuma gara a duba a ga babu komai. A nan ne binciken ya fi jan hankali.

Likitocin Toronto sun ɗauki hoton ƙirjin jarirai 265 masu alamomin cutar da aka saba gani, suka wallafa sakamakon a 2007. A cikinsu duka, hoton yara biyu kaɗai ya nuna wani abu dabam da bironkiyolaitis. Amma kafin a ga hotunan, yara bakwai kawai likitoci suka yi niyyar bai wa antibayotik. Bayan sun kalli hotunan, adadin ya tashi zuwa 39. Dalili shi ne, idan majina ta toshe wata 'yar hanya, ɓangaren huhun da ke bayanta yakan motse, ya fito a hoto kamar farin tabo, kuma wannan tabo yana kama da na limoniya. Likitan da ya ga tabon da idonsa, da wuya zuciyarsa ta bar shi ya sallami yaro hannu rabbana.

An ga irin wannan a nahiyar Afirka ma, tun kafin na Toronto. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, an raba yara 522 masu ciwon ƙirji da ba a kwantar da su ba, aka ɗauki hoton wasu, aka bar wasu. Sakamakon da Lancet ta buga a 1998 ya nuna duka rukunonin biyu sun warke a kwana bakwai, amma an bai wa kashi 61 cikin 100 na masu hoto antibayotik, a kan kashi 52 na marasa hoto.

Hoto ke nan ya jawo magani, maganin ya jawo neman jijiya a hannun jariri, jijiyar ta jawo ƙarin kwanaki a gado, kwanakin kuma suka jawo haɗarin ɗaukar wata cutar a cikin asibiti. Garin neman ƙiba an samo rama.

Na'urar auna oksijin ma ta shiga wannan sahu a ƙasashen da take a wadace. Adadin oksijin a jinin jariri yakan ɗan sauka ya hau, musamman a lokacin barci, ko da yana samun sauƙi. Idan an maƙala masa na'urar dare da rana, kowace 'yar sauka sai ƙararrawa ta kaɗa, a mayar masa da oksijin, a ɗage sallama zuwa gobe. Masu bincike a Birtaniya sun gwada jarirai 615, wasu aka ce a riƙe oksijin ɗinsu a kan kashi 94, wasu a kan kashi 90. Tari ya ɗauki kwana 15 kafin ya ɗauke a duka ɓangarorin, kuma waɗanda aka riƙe a kan 90 sun riga sauran komawa gida. A 2021 hukumar NICE ta sauko da ma'auninta zuwa kashi 90 ga yaran da suka kai mako shida da haihuwa kuma ba su da wata larura.

Me ya sa al'adar ta ƙi mutuwa?

Rubuta ƙa'ida abu ne mai sauƙi, sauya hannun da ya saba shi ne aiki. Shekara shida bayan ƙa'idojin 2014, wani bincike da aka wallafa a kan asibitoci 56 na Amurka da Kanada ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na yaran da aka riga aka cire wa oksijin suna nan maƙale da na'urar awo. A wani asibitin kashi 2 ne, a wani kuma kashi 92. Cuta ɗaya ce, yara iri ɗaya ne, bambancin yana ga ɗabi'ar kowane asibiti.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Likita yana tsoron kada ya kuskure limoniya a zarge shi, alhali babu mai zargin sa idan ya ba da maganin da bai yi amfani ba. Ƙaramin likita yana kwaikwayon babbansa. Ga kuma uwa tsaye da jariri yana haki a kafaɗarta, tana jiran a yi wani abu da za ta gani. Sai kuma abin da ya fi su duka ruɗarwa: tunda cutar da kanta take sauka bayan kwana na biyar, duk maganin da aka bayar a kwana na huɗu shi ke kwashe yabon.

A 2012 aka ƙaddamar da wani gangami a Amurka mai suna Choosing Wisely, wato zaɓi cikin hikima, inda aka nemi kowace ƙungiyar likitoci ta lissafa abubuwan da mambobinta ke yawan yi ba tare da amfani ba. Da likitocin da ke kula da yaran da aka kwantar suka fitar da jerinsu na abubuwa biyar a 2013, huɗu daga ciki sun shafi jinyar wannan cuta.

Daga nan wasu asibitoci suka haɗa kai. Asibitoci 21 a Amurka sun yi aiki tare na tsawon shekara guda, suna musayar alƙaluma, kowanne yana ganin matsayinsa a tsakanin sauran. Rahoton da suka fitar a 2016 ya nuna amfani da maganin buɗe hanyar iska ya ragu da kashi 29 cikin 100, na sitiroid da kashi 68, hoton ƙirji da kashi 44. Zaman asibiti ya ragu da kimanin sa'a biyar, yawan yaran da aka sake dawowa da su kuma bai ƙaru ba. A Ostireliya da Niyu Zilan an yi gwaji mafi tsauri a asibitoci 26, inda aka naɗa wa rabinsu likita da ma'aikacin jinya su jagoranci gyaran, ana horar da ma'aikata, ana kuma nuna musu alƙaluman aikinsu a kai a kai. Sauran rabin takardar ƙa'idar kawai aka ba su. Bin ƙa'ida ya kai kashi 85 cikin 100 a asibitocin da aka yi wa aiki, a kan kashi 73 a waɗanda aka miƙa wa takarda.

Inda darasin ya shafi Najeriya, da inda bai shafe ta ba

Kuskure ne a ɗauko wannan tsari ɗungurungum a dasa shi a kowane asibiti na Najeriya. An gina ƙa'idojin ne a kan yara masu cikakkiyar lafiya da rigakafi, a wuraren da likita zai iya cewa a dawo da yaro gobe kuma a dawo da shi. Inda tamowa da ciwon sikila da ƙarancin rigakafi suka yawaita, limoniyar bakteriya tana kisa da sauri, kuma ba koyaushe ake iya bambanta ta da bironkiyolaitis da ido ba. Shi ya sa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ƙananan cibiyoyin lafiya ke bi, ya ce a ɗauki yaro mai tari da saurin numfashi a matsayin mai limoniya, a ba shi amoksisilin. Ma'aunin saurin shi ne numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata biyu zuwa 11, da 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar. Ma'aikacin lafiyar da ya yi haka bai yi ɓarna ba. Haka nan gwajin zazzaɓin cizon sauro ga yaro mai zafin jiki yana nan daram, kuma jaririn da bai cika wata guda ba idan ya yi zazzaɓi, cikakken bincike yake buƙata a ko'ina yake a duniya.

Batun na'urar awo ma a juye yake. Yayin da asibitocin Amurka ke fama da yawanta, asibitoci da dama a nan rashinta da rashin oksijin ɗin kansa ne matsalarsu. Akwai kuma wani abin lura: binciken da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 a kan manyan majinyata ya nuna na'urar takan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi a jikin farar fata. Saboda haka lambar da ta nuna ba ta isa hujja ita kaɗai ba, sai an haɗa da kallon yaron.

Duk da haka, darasin yana da wurin zama. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe bakwai, ciki har da Gambiya da Mali, wanda aka wallafa a 2019, ya gano RSV ce ke haddasa kusan kashi 31 cikin 100 na limoniya mai tsanani da ke kwantar da yara, fiye da kowace ƙwayar cuta. Ke nan a manyan asibitocin birane, inda akwai ƙwararrun likitocin yara da za su iya tantance cutar su kuma ci gaba da lura da yaro, akwai yara da yawa da ba sa buƙatar tarin allurai. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, kowane hoto da kowace allurar da ba ta da amfani, cinikin ranar ɗan kasuwa ne ko wani yanki na albashin ma'aikaci, wanda da an adana shi da ya biya kuɗin oksijin.

Iyaye ma suna da hannu a ciki. Har yanzu da yawa suna auna ƙwarewar likita da tsawon takardar maganin da ya rubuta, wanda ya ce a ci gaba da ba da nono a sa ido kuwa a ce bai san aiki ba, a wuce kyamis a sayo maganin tari da antibayotik. Magungunan tari da mura na kanti ba a yarda a bai wa jarirai su ba. Tambayar da ta fi amfani a gaban likita ita ce, me wannan gwaji zai sauya a jinyar yaron, kuma waɗanne alamomi ne za su sa a dawo da shi cikin gaggawa.

Alamomin sanannu ne: ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki idan yaro ya ja numfashi, kafofin hanci suna buɗewa, yana nishi a kowane numfashi, numfashin yana ɗaukewa na ɗan lokaci, leɓe ko harshe ya sauya launi, ya kasa shan rabin abin da ya saba, ya yi sa'a 12 bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi har tada shi ya yi wuya. Bakwaini, da ɗan ƙasa da wata uku, da mai ciwon zuciya ko na huhu, ba a jira su kai wannan matsayi kafin a kai su asibiti. Yaron da aka sallama kuwa yana iya ci gaba da tari har tsawon mako uku, kuma muddin yana shan nono yana numfashi ba wahala, wannan tari ba ya nufin cutar ta dawo.